Hatsari Ya Wuce, Diyya Ta Maƙale: Abin da Ke Riƙe Fayil a Kamfanin Inshora

Sati shida cif bayan hatsarin, motata tana nan inda motar janwe ta sauke ta a ƙuryar gareji. But ɗin a murɗe, fitilar baya ɗaya tana reto a jikin waya, ƙura ta lulluɓe gilashin har yaran garejin sun fara rubutu a kai da yatsa. Wani ne ya daki bayana ina tsaye a danja, kuma babu gardama kan mai laifi, domin shi da bakinsa ya amsa a gaban 'yan sanda. Washegari na sanar da kamfanin inshora, na cika fom, na miƙa duk takardar da aka nema. Daga nan sai shiru kamar an shuka dusa. In na kira, amsar ɗaya ce: "Yallaɓai, ka ƙara haƙuri, ana kan aiki." Shi kuwa mai garejin, duk ranar da na leƙa sai ya tare ni da cewa, "Maigida, motar nan fa ta tare mini wuri, yaushe za su ba da izini?"

A wancan lokacin ban san abin da na sani yanzu ba. Na ɗauka jinkiri abu ɗaya ne, maganinsa kuma haƙuri da yawan kira. Daga baya na gane cewa jinkirin inshora iri-iri ne, kowanne da inda yake maƙalewa, kuma kiran waya sau ashirin ba ya motsa fayil kamar yadda wasiƙa ɗaya mai kwanan wata take motsa shi.

Abin da ya fi ci mini rai a wannan harka shi ne yadda nauyin jira ba ya rabuwa daidai. Kamfani yana da dubban fayiloli, naka ɗaya ne daga ciki, in ya kwana wata uku a kan tebur babu wanda zai rasa barci a can. Kai kuwa kowace safiya da farashinta. Kuɗin haya ko na tasi, kuɗin ajiyar mota a gareji, aikin da ka makara, yaran da ba ka kai makaranta a kan lokaci ba. In da motar kake neman abinci, to ranar da ta tsaya samunka ya tsaya. Ita kanta motar ba ta zama yadda aka bar ta: batir yana mutuwa, tayoyi suna sacewa, tsatsa tana shiga inda fenti ya tashi. Wannan rashin daidaito shi ne zuciyar maganar. Duk dabarar da za a faɗa a nan, manufarta ɗaya ce, a sa jinkirin ya fara cin kamfani kamar yadda yake cin mai mota.

Kafin a kai can, ya kamata a yi wa kamfanin adalci, a ga hanyar da fayil yake bi. Da zarar ka kai rahoto, sai a buɗe maka fayil a ba shi lamba. Tambayar farko da za su yi wa kansu ita ce ko inshorarka tana aiki a ranar hatsarin: an biya kuɗin shekara, wanda yake tuƙi yana cikin waɗanda yarjejeniyar ta amince da su, lasisinsa yana da rai, motar ana amfani da ita yadda aka faɗa tun farko. Motar da aka yi wa inshora a matsayin ta gida, in aka same ta tana ɗaukar fasinja a lokacin hatsarin, nan take magana ta canja. Bayan wannan sai a tura mai kiyasin ɓarna, wanda sau da yawa ba ma'aikacin kamfanin ba ne, ɗan kwangila ne daga waje, ya duba motar ya rubuta rahoto. Sai a daidaita kiyasinsa da na gareji. Sai a tantance mai laifi. Sai fayil ya je gaban wanda yake da ikon amincewa, kuma a yawancin kamfanoni ikon nan hawa-hawa ne, ƙaramin ma'aikaci yana da iyakar adadin da zai sa wa hannu, abin da ya haura sai an kai sama. Daga ƙarshe sashen kuɗi ya biya.

Kowace gaɓa a nan tana iya riƙe fayil ba tare da kowa ya yi mugun nufi ba. Rahoton 'yan sanda ba a hannun kamfani yake ba. Kayan gyaran da sai an yi odarsu daga wata ƙasa ba za su zo don kana gaggawa ba. Gareji yakan kwance bamba ya tarar shasi ya lanƙwashe, dole a sake kiyasi, a sake neman izini. Bayan ambaliya ko guguwa, fayiloli sukan yi wa ma'aikata rubdugu a mako ɗaya. Sannan akwai maganar damfara, wadda gaskiya ce: akwai masu shirya hatsarin ƙarya, akwai masu cusa tsohuwar ɓarna cikin sabuwa, akwai garejin da ke kumbura lissafi. Kamfanin da bai bincika ba, masu biyan kuɗin inshora na gaskiya ne za su ɗauki asarar a farashin shekara mai zuwa. Don haka bincike haƙƙinsu ne. Abin da ba haƙƙinsu ba shi ne su bar ka cikin duhu, ba ka san me ake bincike ba, ba ka san yaushe za a gama ba.

Akwai wani bambanci da mutane da yawa ba sa lura da shi, ni ma sai da na sha wahala na gane. Neman diyya daga kamfaninka daban, nema daga kamfanin wanda ya buge ka daban. Kamfaninka ku biyu kuna da yarjejeniya, ka biya shi, ya yi maka alkawari a rubuce, kana da abin da za ka riƙe shi da shi. Kamfanin ɗayan direban kuwa ba ka bin sa komai na ciniki. Abokin cinikinsa wancan ne, aikinsa ya kare shi, kuma yakan ce ba zai ce uffan ba sai ya ji ta bakin nasa mutumin. In wancan direban ya ƙi ɗaga waya, ko ya koma gida ya canja labari, fayilinka ya zauna ke nan. Shi ya sa wanda yake da cikakkiyar inshora, wato wadda ta haɗa da ɓarnar motarsa shi kansa, sau da yawa gara ya nemi kamfaninsa ya gyara masa, daga baya kamfanin ya tsaya a matsayinsa ya bi ɗaya kamfanin kuɗinsa. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce a harkar inshora, kuma su kamfanonin sun fi mu sanin yadda za su karɓi kuɗi a hannun junansu. Abin da za ka auna shi ne kason da yarjejeniya ta ce kai za ka ɗauka daga kowace ɓarna, wanda za a cire tukuna sai an karɓo daga ɗaya ɓangaren a maido maka, da kuma rangwamen da ake yi wa wanda bai taɓa neman diyya ba, wanda zai iya taɓuwa kafin a kammala. Wanda kuwa inshorarsa ta tsaya ga ɓarnar da ya yi wa wani kawai, ba shi da wannan ƙofa, dole ya bi kamfanin mai laifi, kuma shi ne ya fi buƙatar tsare takardunsa.

To, shin kamfani yana cin riba da jinkiri? Amsar tana da fuska biyu. Tsarin inshora shi ne a karɓi kuɗi yau, a biya diyya wata rana. Tsakanin karɓa da biya, kuɗin suna hannun kamfani, yana juya su a hannun jari da takardun lamuni. Attajirin nan na Amurka, Warren Buffett, ya sha bayyana wa masu hannun jarin kamfaninsa Berkshire Hathaway cewa irin waɗannan kuɗi na jiran biya suna daga cikin ginshiƙan arzikin kamfanin, tun daga lokacin da ya sayi kamfanin inshora na National Indemnity a 1967. Wannan halastaccen ciniki ne, ba asiri ba ne. Amma a ganina, mutane suna zuzuta wannan dalili fiye da kima idan ana maganar gyaran mota guda. Ribar da kamfani zai samu don ya riƙe kuɗin bamba da fitila na wata biyu ba ta taka kara ta karya ba. Ribar gaske tana wani wuri: a gajiyar mai nema. Mutumin da aka yi wa tayin kashi 70 cikin ɗari na haƙƙinsa a satin farko zai ƙi. Wannan mutumin dai, bayan wata huɗu yana hawa motar haya, bashi ya fara taruwa, zai karɓa har ya yi godiya. Wani ma zai gyara da kuɗinsa ya bar maganar gaba ɗaya. Ba sai wani manaja ya zauna ya tsara hakan ba. Ya isa a ce kamfani bai ɗauki isassun ma'aikata a sashen biyan diyya ba, kuma babu abin da yake tilasta masa ya ɗauka, tun da ba shi ke jin zafin jiran ba.

Yadda za ka bambance jinkirin gaskiya da yawo da hankali ba shi da wuya in ka natsu. Jinkirin gaskiya yana da suna. Za a ce maka ana jiran rahoton mai kiyasi, an tura shi ranar kaza, ana sa ran rahoton ranar kaza. Yawo da hankali kuwa ba shi da fuska: "ana kan aiki", "yana wurin manya", "jami'in ba ya nan". Alamar da ta fi kowacce bayyana ita ce neman takardu ɗaya bayan ɗaya. A nemi lasisi, ka kawo, bayan sati biyu a nemi takardar mallakar mota, ka kawo, bayan wasu sati biyun a ce hotunan ba su fito da kyau ba. Duk waɗannan an san za a buƙace su tun ranar farko. Haka nan a sake neman abin da ka riga ka bayar, ko a riƙa canja maka jami'i kowane sabo ya ce sai ya karanta fayil daga farko, ko a ƙi rubuta maka abin da aka faɗa a waya.

A sati na bakwai wata 'yar'uwata da ta taɓa aiki a irin wannan ofis ta ce mini, "Yaya, daina kiransu. Rubuta musu. Waya iska ce, takarda ita ke shiga fayil." Na zauna na rubuta imel gajere, ba zagi, ba dogon labari. Na sa lambar fayil da ranar hatsari a sama. Na jera takardun da na miƙa, kowacce da ranar da na miƙa ta. Sannan na yi tambaya uku: me ya rage daga wurina, a hannun wa fayil ɗin yake a yanzu, wace rana za a yanke hukunci. Na roƙi amsa a rubuce cikin kwana bakwai. Tambayoyin nan suna da ƙarfi ne domin babu wadda za a iya amsawa da "ka ƙara haƙuri". In aka ce babu abin da ya rage daga wurinka, to an amsa cewa jinkirin daga gare su ne. In aka ce akwai, ka sami cikakken jeri a rubuce, ba za a ƙara ɓullo maka da sabo gobe ba sai da dalili.

Daga ranar na buɗe littafi. Duk kiran da ya gudana, in rubuta rana da lokaci da sunan wanda muka yi magana da abin da ya ce, in kuma bi shi da ɗan saƙo: kamar yadda muka yi magana yau, ka ce kaza zai faru ranar kaza. Duk rasit na motar janwe, na ajiya, na haya, in adana. Wannan aiki yana da gajiya, kuma na san akwai rashin adalci a ce wanda aka buge shi ne zai koma magatakarda. Amma duk wanda zai duba kokenka nan gaba, ko shugaban sashe, ko mai sasanci, ko alƙali, bai ga wahalar da ka sha ba, abin da zai gani jerin ranaku ne. Mai jerin ranaku shi ke da hujja.

Akwai kura-kurai biyu da gajiya take jefa mutum ciki, kuma kowannensu yana ba kamfani abin kamawa. Na farko, ka gyara motar kafin mai kiyasi ya gan ta. Da zarar an buge bodi an fesa fenti, shaidar ta tafi, sai gardama ta koma kan ko ɓarnar ta kai yadda ka faɗa. In dole ta sa sai ka gyara, ka sanar da su a rubuce tukuna, ka ba su wa'adin zuwa su duba, ka ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, ka sa gareji ya ajiye kayan da aka cire. Na biyu, ka naɗe hannu ka bar asara tana ƙaruwa da tunanin ai su za su biya. A dokar ƙasashe da yawa, wanda aka yi wa ɓarna yana da nauyin rage asarar gwargwadon ikonsa. In gilashi ya fashe ka bar ruwan sama ya lalata kujeru, ko ka bar mota wata biyar a wurin da ake cajin ajiya kullum alhali akwai inda za a kai ta kyauta, za su iya ƙin biyan wannan ƙarin. Haka ma kada fushi ya sa ka daina biyan kuɗin inshorarka, domin ka buɗe wata sabuwar rigimar ne a kan tsohuwar.

Doka kuma ba ta yi shiru ba, ko da yake kowace ƙasa da nata wa'adin. A Tarayyar Turai, dokar inshorar motoci ta 2009 ta ce cikin wata uku da gabatar da buƙata, dole kamfanin mai laifi ya yi tayin diyya mai ɗauke da dalilai idan babu gardama kan laifi kuma an san girman ɓarnar, ko kuma ya ba da amsa mai dalili idan akwai gardama, in ya saɓa sai kuɗin ruwa ya hau kansa. A jihar Kalifoniya ta Amurka, kamfani yana da kwana 15 ya amsa cewa ya karɓi buƙata, kwana 40 bayan samun hujjoji ya amince ko ya ƙi, in yana buƙatar ƙarin lokaci sai ya rubuta dalili duk bayan kwana 30, kuma bayan ya amince ya biya cikin kwana 30. A Birtaniya, wanda ya kai koke ga kamfani, kamfanin yana da sati takwas ya ba da amsar ƙarshe, in bai bayar ba ko ba ta gamsar ba, mutum zai iya wucewa ofishin sasanci na harkokin kuɗi kyauta, cikin wata shida da samun waccan amsa. Na kawo waɗannan ne don a ga cewa wa'adi abu ne da ake rubutawa da lambobi. Duk inda kake, nemi na ƙasarka a dokar inshora ko a ƙa'idojin hukumar da ke sa ido kan kamfanonin, ka kuma duba takardar yarjejeniyarka, ka ambaci lambar a wasiƙarka. Sautin amsa yakan canja idan jami'i ya ga ka san ranar da agogo ya fara bugawa.

Tarihin Ingila a kan wannan batu yana da darasi. Tun 1766, a shari'ar Carter da Boehm, alƙali Lord Mansfield ya kafa ƙa'idar cewa inshora ciniki ne da aka gina a kan gaskiya da riƙon amana, kuma ya nuna cewa nauyin yana kan ɓangarorin biyu. Amma an shafe fiye da ƙarni biyu ana amfani da ƙa'idar galibi a kan mai sayen inshora, a ce ya ɓoye kaza, bai faɗi kaza ba. A shekarun 1990 aka yi shari'ar wani mai ƙaramar masana'anta da ake kira Sprung, wanda ɓata-gari suka lalata masa injuna. Kamfanin inshora ya ƙi biya, sai bayan fiye da shekara uku aka biya shi, lokacin sana'ar ta riga ta durƙushe. Kotun ɗaukaka ƙara ta ce haƙƙinsa shi ne kuɗin inshorar da ruwansu, babu diyyar asarar da jinkirin ya jawo. Sai da majalisa ta yi sabuwar doka a 2016, wadda ta fara aiki a watan Mayun 2017, sannan aka mayar da biya cikin lokacin da ya dace ya zama sharaɗi a kowace yarjejeniyar inshora, wanda in kamfani ya karya za a iya neman diyyar abin da jinkirin ya haifar. Abin da ya taɓa ni a labarin nan shi ne cewa ƙasar da ta yi fice a harkar inshora tun zamanin tsohuwar kasuwar inshora ta Landan mai suna Lloyd's ta ɗauki wannan tsawon lokaci kafin ta yarda cewa jinkiri shi kansa ɓarna ne.

Inda jinkiri ya fi yin ta'adi shi ne lokacin da aka ce motar ba ta gyaruwa, wato kuɗin gyara ya kusa ko ya zarce darajarta. Ƙa'idar inshora ita ce a mayar da kai inda kake kafin hatsari, ba a ƙara maka ba a rage maka. Saboda haka abin da za a biya shi ne darajar motar a kasuwa a ranar hatsarin, ba kuɗin da ka saye ta ba, ba kuma farashin sabuwa ba, sai dai in yarjejeniyarku ta tsayar da wani adadi tun farko. A nan ne ake yawan tayi na ƙasa, kuma yakan zo ne bayan an daɗe ana jira, lokacin da hannu ya riga ya miƙe. Tayin farko ba hukunci ba ne. Ka nemi a rubuta maka yadda aka yi lissafin: waɗanne motoci aka gwada da taka, me aka cire, saboda me. Kai ma ka nemo tallan motoci uku ko huɗu irin taka, shekara ɗaya, tafiyar kilomita kusan ɗaya, ka haɗa da rasit na sabis da na sababbin tayoyi ko injin da ka canja. In tazarar tana da yawa, kana iya ɗaukar mai kiyasi naka. Wanda ya sayi motar da bashi kuma ya sani cewa bankin ba ya daina ƙirga wata don motar tana gareji, kuma sau da yawa shi za a fara biya daga diyyar.

Sai takardar sallama. Kafin a biya, akan miƙo maka takarda ka sa hannu cewa ka karɓi wannan adadi a matsayin cikakken biya na ƙarshe, ba ka da sauran magana. Karanta ta a zaune, ba a tsaye bakin kanta ba. Abin da hannu ya sa wa alama da wuya baki ya warware shi. Wannan ya fi tsanani idan akwai rauni a jiki, domin ciwon wuya da na baya da na kai sukan ɓoye kwanaki ko makonni kafin su nuna girmansu, kuma wanda ya sallama kafin likita ya gama magana ya sallama har da abin da bai sani ba. A raba maganar mota da maganar jiki, a rufe ta farko in ta nuna, a bar ta biyu a buɗe. Idan kuma gardamar a kan wani ɓangare ne kawai, misali sun yarda da gyaran baya amma suna musun na ƙasan mota, ka nemi su biya abin da babu gardama a kai yanzu, a rubuta cewa biyan wucin gadi ne, sauran a ci gaba da tattaunawa. Wannan mataki ɗaya yana cire musu rabin ƙarfin da jira yake ba su.

In wasiƙa ta farko ba ta yi aiki ba, hawa na gaba shi ne koke a hukumance ga sashen koke-koke na kamfanin, kuma ka kira shi da sunansa, ka rubuta cewa wannan koke ne, domin a wurare da yawa wannan kalma ce take tayar da wa'adi. In ta hannun dillali ka sayi inshorar, jawo shi ciki, yana kawo musu ciniki, muryarsa tana da nauyi a can. Bayan haka sai ofishin sasanci ko hukumar da ke kula da kamfanonin inshora. Lauya yana da amfani idan akwai rauni mai tsanani, ko adadin yana da girma, ko an ƙi biya gaba ɗaya. A kan ƙaramar ɓarna kuwa kuɗinsa zai iya cinye abin da ake nema. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: ƙara a kotu tana da wa'adin da in ya wuce ta mutu. A Ingila shekara uku ne ga rauni, shekara shida ga saɓa yarjejeniya, wasu wurare kuma ya fi haka gajarta sosai. Tattaunawa da kamfani ba lallai ta tsayar da wannan agogo ba, saboda haka wanda aka daɗe ana ce wa gobe ko jibi ya binciki ranar da ƙofar kotu za ta rufe masa.

Ba na so a ɗauka ina cewa a shiga ofishin da faɗa. Wanda ke ɗaga maka waya yawanci ƙaramin ma'aikaci ne da fayiloli suka yi wa yawa, ba shi ya tsara tsarin ba, kuma tsawa ba ta ƙara masa iko. Ladabi da tsayuwa a kan rana suna tafiya tare. Ka gaishe shi, ka tambayi sunansa, ka tambayi ranar, ka rubuta.

Ni dai amsar imel ɗina ta zo a rana ta biyar. Ashe mai kiyasi ya miƙa rahotonsa tun sati na biyu, jami'in da ke riƙe da fayil ɗina an mayar da shi wani sashe, fayil ɗin ya zauna a akwatin wanda ba ya nan, babu wanda ya gaje shi. Duk kiran da na yi ta yi, masu amsawa suna duba kwamfuta su ga an rubuta ana kan aiki, su karanta mini. Kwana uku bayan haka izinin gyara ya isa gareji. Da na nemi kuɗin ajiya na makonnin da fayil ya yi a kwance, da farko an ce ba ya cikin yarjejeniya. Na tura musu ranar da rahoton mai kiyasi ya shiga hannunsu, daga wasiƙarsu su da kansu, da ranar da izini ya fita, da rasit ɗin gareji na kwanakin da ke tsakani. Suka biya.